Kaskon Wuta na Gidan Akufuna

Nasikena,
3 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Nalukui,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da keken ɗinkinki da duk mutanen Kitwe da ba su san da zamanmu ba. Mu ma lafiya, in dai ana kiran wannan lafiya. Gaisuwa ta tsaya nan, don takarda biyu kawai gare ni, kuma motar Alhamis ba ta jiran kowa.

Ke Nalukui, kin ja mana. Wasiƙarki ta Kirsimeti ta iso ranar da ba na nan, na kai busasshen kifi kasuwar gefen daji. Situmbeko mai tuƙa jirgin fito, wanda jakar wasiƙu take hannunsa, shi ya ga sunan Baba a jiki, ya ɗauki kwale-kwalensa ya kai masa har tudunmu. Baba ya ce ya karanta masa. Kin dai san Situmbeko, ko takardar sabulu aka miƙa masa sai ya karanta har sunan wanda ya buga ta. Ya karanta tun daga gaisuwa har layin ƙarshe, inda kika ce, "Ina nan zuwa kafin ruwa ya kai gindin mangwaro."

To bari ki ji abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekara bakwai kina rufe kowace wasiƙa da wannan layin, shekara bakwai ni kuma ina tsallake shi. In na zo wurin sai in yi ɗan tari, in ce, "Ta ce a gaida kowa da kowa." Na san ke abin rufe takarda kika ɗauke shi, kamar yadda 'yan birni ke cewa sai mun haɗu. Amma Baba ba ɗan birni ba ne.

Ko zaman Kitwe ya mantar da ke? In ruwa ya cika fadama za a tashi zuwa gefen daji, sai an kwashe garwashin murhu a kasko, a zuba wa tokar ruwa, sannan a shiga jirgi. Kuma ba a taɓa murhun nan muddin ɗan gida ya aiko cewa yana hanya, don kada ya iso ya tarar da tudu wayam, ruwa gaba ruwa baya, babu hayaƙin da zai nuna masa gida. Wanda ya ce yana zuwa, shi kaɗai ke janye maganarsa.

Ga inda muke yanzu. Ruwan bana ya zo da wuri. An ƙetarar da shanu tun makon jiya. Gidan Mukelabai sun tashi, gidan Liswaniso sun tashi, har tsohuwa Monde da take cewa kullum ita ce ta ƙarshe, ta tattara tabarmarta ta tafi. Saura ni da Baba da kaji shida. Na ce, "Baba, mu kwashe wuta." Ya ce, "Wa zai ɗauka?" Na ce, "Ni mana! Wa ke ɗauka duk shekarun nan?" Ya ce, "Aron hannu kika yi. Auta ke ɗaukar kasko, kuma auta tana hanya." Na ce, "Wace hanya, Baba? Tana can tana ɗinka wa matan 'yan haƙar tagulla riguna masu fuka-fuki!" Ya yi mini kunnen uwar shegu, ya ƙara itace a murhu.

Na je wurin Situmbeko na ce tunda shi ya ɗaura, ya zo ya kwance. Ya ɗauki kowace irin takarda ya je ya karanta wa Baba cewa kin fasa. Ya dube ni kamar na ce ya nutsar da jirgin fito da mutane a ciki. Wai shi bai taɓa karanta abin da ba a rubuta ba. Tir da gaskiyar da za ta kwantar da tsoho! Ni kuwa Baba ya daina yarda da karatuna, ya gano tarin nan nawa.

Saboda haka abu biyu ne. Ko ki zo, ko ki rubuto layi ɗaya da hannunki: "Baba, bana ba zan zo ba, ku kwashe wuta." Layi ɗaya tak, Nalukui. Ƙirjinsa ya fara wannan kukan nasa na damina, kin kuma san abin da sanyin ruwa yake yi masa.

Ki huta lafiya, amma ki yi sauri.

Yayarki,
Sibeso


Kitwe,
14 ga Fabrairu

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Ina miƙa gaisuwa cikin ladabi gare ki da Baba, tare da addu'ar Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. A gaishe mini da Yaya Situmbeko. Don Allah kada ki ƙara yi masa faɗa, laifin ba nasa ba ne.

Wasiƙarki ta same ni a shago ranar Asabar. Na karanta ta sau uku. Ban ɗinka komai ba ranar, har mai shago ta zaci zazzaɓi ne ya kama ni.

Kin ce abin rufe takarda na ɗauki layin nan. Ba haka ba ne, Yaya. Duk lokacin da na rubuta shi, da gaske nake. Sau biyu na yanki tikitin jirgin ƙasa zuwa Lusaka. Sau ɗaya har Mongu na kai, na ga motar Alhamis tana lodi a tasha, na ji ƙarnin kifi da warin kogi a jikin buhunanta, sai na kasa shiga. Na juyo.

Ke kina jirgin gaba ranar da muka rasa Mama, tare da kaya, ba ki ga yadda aka yi ba, kuma ba wanda ya gaya miki. Ni ce a tsakiyar jirgin baya, kasko a hannuna, Mama tana zaune a gabana, Baba yana tsaye a baya da filafili. Da wata dorina ta taso ta bugi gefen jirgin, Mama ta karkata, ta miƙo mini hannu. Zanenta har ya gogi gwiwata, Yaya. Da na saki kaskon da hannu ɗaya, da na kama ta. Ban saki ba. Na riƙe shi gam da hannu biyu ina kallo ta tafi. Muka isa gefen daji da wuta a raye, babu Mama. Baba ya karɓi kaskon daga hannuna ya hura murhu. Bai ce mini uffan a kan zancen ba, bai ƙara kallon idona ba, tun daga ranar har ranar da na hau motar Alhamis. Wannan shirun nasa shi ya kore ni daga gida. Tun daga nan ban ƙara sa ƙafa a kwale-kwale ba. Ko gadar Kafue jirgin ƙasa zai hau, rufe ido nake yi.

Yanzu kina so in rubuta masa cewa ba zan zo ba. Na ɗauki alƙalami, na rubuta "Baba", hannuna ya tsaya. Shekara bakwai ina ganin ba ya son ganina, sai yau na ji yana ƙara itace a murhu saboda ni. In ce masa ya kashe? Ba zan iya ba, ki gafarce ni.

Zan zo. Mai shago ta ba ni hutu daga bakwai ga Maris, in mun gama kayan 'yan makarantar da muka karɓa. Zan kama motar Alhamis ta goma ga wata. Babban kogi zan ƙetare shi a jirgin fito, ina cikin mota idona a rufe, kamar yadda na yi ranar da na tafi. Daga Nasikena zuwa tudu ruwan ciyawa ne, ana ganin ƙasa, zan daure.

Ki ce masa ina hanya. Ki lulluɓe shi da jan bargon nan da na aiko bara, ki riƙa dama masa kunu mai zafi da safe.

Ku huta lafiya.

Ƙanwarki mai biyayya,
Nalukui


Nasikena,
24 ga Fabrairu

Nalukui,

Gaisuwa. Muna nan da rai.

Goma ga Maris! Kayan 'yan makaranta! Haba Nalukui, 'ya'yan Kitwe za su tafi makaranta tsirara ne in kin bar musu wando rabin ɗinki? Ruwa ya kai gindin mangwaro tun shekaranjiya. Daga ƙofar ɗaki zuwa bakin ruwa taku ashirin ne, na ƙirga da ƙafata. Duk wani abu mai rai da ke fadamar nan ya hawo tudunmu neman mafaka. Ɓeraye suna bin mu har kan gado, tururuwa ta cika tukunyar gari, mesa ta haɗiye mini kaji biyu. Itace ya ƙare, jiya Baba ya sa na fasa tsohon rumbu. Kuma ba wuta kawai yake so ba, ɗanyen ganye yake zubawa don hayaƙi ya tashi sama, wai ki hango daga nesa. Ya zauna cikin hayaƙin nan da wannan ƙirjin nasa, yana tari kamar zai amayar da huhu.

Zancen Mama kuwa, a bayan ɗaki na karanta shi, na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Ke wace irin sakarya ce? Shekara bakwai kina ɗauke da wannan ke kaɗai, ni ina nan ina zagin ki a raina, ina cewa birni ne ya yi miki daɗi. Me ya hana ki gaya mini? Ina jin haushinki, ina jin tausayinki, ban ma san wanda ya fi yawa ba.

Na so in ɓoye wasiƙar, amma Situmbeko ne ya kawo ta, kuma Baba ya gan ta a hannunsa. Ya ce, "Miƙa masa ya karanta." Na ce, "Baba, tawa ce, sunana ne a jiki." Ya ce, "Ke tari ya yi miki yawa." Situmbeko ya karanta duka, har dorina, har kasko, har shirun. Bai tsallake ko kalma ɗaya ba. Baba ya tashi ya zaga bayan ɗaki, ya daɗe. Da ya dawo idanunsa sun yi ja, ya ce hayaƙi ne. Can sai ya ce, "Ashe abin da yarinyar nan ta ɗauka ke nan." Na ce, "To faɗi abin da za a rubuta mata." Ya ce, "Maganar ba ta takarda ba ce. Da bakina zan gaya mata."

Kin ga abin da kika yi? Da can ina da ɗan sa rai zan lallashe shi. Yanzu ko da igiya ba mai janye shi daga tudun nan.

Ga saƙon Situmbeko, ki buɗe kunne. Saura taƙi ɗaya da rabi ruwa ya rufe jan zanen da ke jikin ƙarfen mashigi. Ranar da ya rufe shi za a ɗaure jirgin fito, ba zai ƙara motsi ba sai Mayu. In wannan takarda ta same ki, ki ajiye almakashi ki taho. In kuwa kin san ba za ki iya ba, ki aiko da layin nan. Ba zan zage ki ba, na rantse.

Allah ya kiyaye hanya.

Sibeso


Mashigin Gabas,
Litinin, 14 ga Maris

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki da Baba, da fatan kun kwana lafiya. Ina rubuta wannan a kan gwiwata, a rumfar mai sayar da shayi da ke bakin mashigi. Daga nan ina hango rufin cocin Nasikena.

Na zo, Yaya. Na baro Kitwe washegarin ranar da wasiƙarki ta iso, amma mota ɗaya ce a mako daga Mongu, dole na jira Alhamis. Muka taso, motar ta kafe a yashi sau uku, ta karya ƙarfen ƙafa, muka kwana biyu a hanya. Ranar Asabar muka iso. An ɗaure jirgin fito ranar Juma'a da rana. Kwana ɗaya, Yaya.

Ban taɓa ganin kogin nan haka ba. Ya ci rumfunan masu kifi, ya ci rabin hanya, yana tafe da itatuwa sukutum da saiwarsu. Yaya Situmbeko ya ƙetaro da kwale-kwale ɗaukar jakar wasiƙu, ya gan ni. Ya karɓi jakata ya sa a jirgi, ya shimfiɗa mini buhu a tsakiya. Na ce masa gobe.

Jiya Lahadi ya dawo. Na cire takalmi, na sa ƙafa ɗaya a ciki. Da jirgin ya motsa ƙarƙashina sai na ga zanen Mama a kan ruwa, mai ɗigo-ɗigon nan shuɗi. Ban san lokacin da na koma kan yashi ba. Matan da ke jiran fito suka yi ta dariya. Wata ta ce, "'Yar gidan wa ce wannan da take tsoron ruwa kamar akuya?" Wata ta ce, "'Yar birni ce, a kawo mata gada." Da aka ce musu 'yar Akufuna ce, mai filafilin da ya fi kowa a fadamar nan, sai suka yi tsit. Shirun ya fi dariyar ciwo.

Yau da safe na sake gwadawa. Na shiga har na zauna. Yaya Situmbeko ya tura mu kamar tsawon gora biyu, na fara ihu, na kama gefen jirgin ina jijjiga shi, saura kaɗan in kifar da mu. Ya mayar da ni. Ya ce in yarda ya ɗaure mini ido da ɗankwali. Na ƙi. Na kasa, Yaya. Ba ni da wani bayani da ya wuce wannan, kuma kunya kamar ta kashe ni.

Yaya Situmbeko ya gaya mini Baba ba ya iya gama magana sai ya huta a tsakiya. Kowace rana da na ƙara a nan ina gwaji, shi yake biyan ta da ƙirjinsa. Tun farko ke ce da gaskiya. Ga layin nan a ƙasa, na rubuta shi da manyan baƙaƙe. An gyara motar, gobe da safe za ta koma Mongu, zan bi ta. In ina zaune a nan zai ce har yanzu ina hanya.

BABA, BANA BA ZAN ZO BA. KU KWASHE WUTA. NI CE NALUKUI.

Ku tashi gobe-goben nan, don girman Allah. In ruwa ya janye, jirgin fito ya dawo aiki, zan zo in ji maganar da ya ce zai gaya mini.

Ki yafe mini.

Nalukui


Nasikena,
18 ga Maris

Zuwa ga Nalukui 'yar Baba Akufuna,

Gaisuwa da ban girma. Ni ne Situmbeko. Ban saba rubuta wasiƙa ba, ɗauka kawai nake yi, sai ki yi haƙuri da hannuna. Yayarki ta ce ba za ta iya riƙe alƙalami ba yanzu, ni in rubuta. Zan faɗa miki yadda aka yi, a jere.

Na isa tudu ranar Litinin da la'asar. Na karanta wa Baba layin da kika rubuta. Ya ce in sake, na sake. Yayarki ta miƙe ta ɗauko kasko. Sai ya ce, "Tsaya. Situmbeko, ina hatimin gidan waya a jikin takardar nan?" Ya san ana buga hatimi, yana shafa shi da yatsa a duk wasiƙarki. Na ce babu. Ya ce, "Daga hannun wa ka karɓa?" Yayarki tana bayansa tana yi mini alama da ido da hannu. Na gan ta sarai. Na ce, "Daga hannun Nalukui, a Mashigin Gabas." Ya ce, "Me ya hana ta ƙetarowa?" Na gaya masa. Da na yi shiru, da yanzu wata magana ake yi. Na sani, kuma zan tafi da wannan har kabarina.

Ya ce, "To ta zo ke nan. Tunda ita ta kasa isowa ga wuta, wuta za ta je gare ta." Ya sa yayarki ta kwashe garwashi, ya zuba wa toka ruwa da hannunsa. Ya ce ba gefen daji za mu nufa ba, Mashigin Gabas za mu. Yayarki ta yi faɗa, ta yi kuka, ta roƙe shi. Ya ce ta gama ta shirya kaya.

Mun taso Talata gari na wayewa. Shi ya riƙe kaskon da kansa, ya ƙi ba kowa. Ruwan sama ya kama mu kafin Nasikena. Ya cire jan bargon da ke jikinsa ya yi wa kaskon rumfa da shi. Na tuƙa iya ƙarfina, Allah ya sani, amma babban kogi ya ja mu ƙasa sosai, sai da muka biyo gaɓa muka hawo. Mun isa mashigi rana ta ɗaga. Mai shayi ta ce motar ba ta daɗe da tashi ba. Sawun tayarta yana nan ɗanye a kan yashi.

Baba ya sa muka fito da shi. Ya tambayi mai shayi inda kika zauna, ta nuna masa bencin. Ya zauna a wurin, kasko a cinyarsa, yana kallon hanya. Na ce ko in bi motar da gudu, wataƙila ta kafe a yashi kamar yadda ta saba. Na bi har inda hanya ta karkata. Ranar ba ta kafe ba.

Da na dawo ya ce in zauna kusa da shi, in riƙe maganar da zai faɗa kamar yadda nake riƙe ta takarda. Ga ta, ban ƙara ba ban rage ba.

"Ka ce mata tun tana shekara shida ni na koya mata riƙon kasko. Na ce hannu biyu, ko sama za ta faɗo kada ki saki. Na taɓa marin ta don ta saki hannu ɗaya ta kori sauro. Ranar nan abin da na koya mata shi ta yi. Ni kuwa ina tsaye a baya, na ga kumfar dorinar tun daga nesa, na ce zan wuce kafin ta taso, don ina ji da hannuna. Ni na kashe uwarta. Kunya ce ta hana ni kallon idonta, ba fushi ba. Ka ce mata ta saki kaskon nan haka, ta riƙe ya isa."

Mun dawo da shi Nasikena, gidana. Zazzaɓi ya rufe shi tun a jirgi. Ma'aikacin ɗakin shan magani ya zo ya yi masa allura. Allah ya karɓi ransa jiya Alhamis da hantsi, daidai lokacin da ake jin ƙahon mota daga ƙetare. Ya tambaya ko ke ce. Wannan karon ma ban iya yi masa ƙarya ba.

Gobe za mu kai shi gefen daji, kusa da mahaifiyarki.

Allah ya ba ki haƙuri. Allah ya ba mu duka.

Naki cikin girmamawa,
Situmbeko


Gefen daji,
24 ga Maris

Ƙanwata,

Gaisuwa, da gaisuwar rashi. Allah ya ji ƙan Baba.

Mun binne shi ranar Asabar. Mutane sun zo da yawa, har da matan nan da suka yi miki dariya. Ɗaya ta kawo gari, ta kasa haɗa ido da ni.

Na yi niyyar in rubuto miki zagi shafi biyu. Na zauna na rasa wanda zan zaga. Ke da kika ƙi rubuta layi ɗaya a kan lokaci, ko Situmbeko da bakinsa ba ya lanƙwasa, ko ni? Don da ban yi tarin nan ba tun shekarar farko, da tuni Baba ya zauna jiran ki lokacin yana da ƙarfi, da tuni kun yi maganar nan kun gama. Ni na ɗauka kare shi nake yi. Zuciyata ta karye, Nalukui, ba ni da ƙarfin fushi.

Kaskon yana nan. Da shi na hura murhun nan gidan, kuma tun ranar ban bari wutar ta mutu ba. Mata suna cewa bayan rasuwar maigida sai a kashe tsohuwar wuta a ɗebo sabuwa a maƙwabta. Na ce na ji. Kullum da safe sai in ga hannuna ya ƙara itace.

Ba na ce ki zo ba. Ruwa yanzu ne ma yake kan ganiyarsa, jirgin fito kuwa sai Mayu. Kada ki ƙara rubuta abin da ba za ki iya ba, ba wanda ya rage da za a tsallake wa layi.

Ki ci abinci. Na san halinki.

Yayarki,
Sibeso


Kitwe,
4 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ki. Allah ya ji ƙan Baba.

Kada ki kashe wutar. Ba zan jira Mayu ba. Ki ce wa Yaya Situmbeko ya zo Mashigin Gabas da kwale-kwale ranar da motar sha huɗu ga wata za ta iso. Ya zo da ɗankwalin, ya zo da igiya. In na yi ihu kada ya juyo.

Ki kai wannan takarda inda Baba yake kwance, ki karanta masa da bakinki. Kada ki yi tari.

Baba, ina hanya.

Autarku,
Nalukui